Wa Za Mu Ba Yara Su Bincika? Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Fitattun Mutane Don Aikin Aji

Kusan duk malamin da ya taɓa cewa "kowa ya zaɓi wani shahararren mutum ya yi mana bayaninsa" ya san abin da ke biyo baya. Hannu goma a sama, duk sunan ɗan ƙwallo ɗaya suke kira, wasu biyar na son mawaƙi, sauran kuma sun zuba maka ido suna jiran ka zaɓa musu. Shawarata ita ce a zaɓo mutanen daga sana'o'i daban-daban. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda malamai da iyaye suka fi yi idan wannan aiki ya taso.

Me ya sa sai daga sana'o'i daban-daban? Ba shahara ake nema ba?

Shahara ƙofa ce kawai. Abin da ake so yaro ya gani yana cikin ɗakin, wato aikin da mutumin ya yi da yadda ake yin sa. Yaron da ya ji labarin likita, da matuƙiyar jirgi, da mai zanen gine-gine, da manomi mai bincike a rana ɗaya, zai koma gida da sanin cewa hanyoyin zama mutum suna da yawa. Idan kuwa mutum talatin da aka gabatar duk shugabannin ƙasa ne da 'yan wasa, to an koya wa ajin cewa duniya gida biyu ce, masu mulki da masu nishaɗi, saura 'yan kallo.

To da me zan gane cewa wane ya dace?

Tambaya ɗaya nake yi wa kowane suna kafin ya shiga takardata: shin ɗalibi zai iya faɗin matsalar da wannan mutum ya tarar, da abin da ya yi mata, da bakinsa, ba tare da ya duba takarda ba? In amsar e ce, ya shiga. In abin da za a iya faɗa bai wuce ranar haihuwa da ranar mutuwa da lambobin yabo ba, sai in ajiye shi komai girman sunansa.

Ga misali. Albert Einstein ya fi Ignaz Semmelweis suna nesa ba kusa ba. Amma ka ba ɗan shekara goma Einstein, abin da zai dawo da shi hoton gashi ne a tsaitsaye da wani lissafi da ba zai iya fassarawa ba. Semmelweis fa? Likita ne a babban asibitin Biyana. Ya lura masu jego sun fi mutuwa a sashen da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, fiye da sashen ungozomomi. Ya yi ta bin diddigi har ya gano cewa likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke zuwa kai tsaye su taɓa mata masu naƙuda. A 1847 ya tilasta wa kowa wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin, mace-macen suka ragu ƙwarai. Abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda, ya mutu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, ba a gane gaskiyarsa ba sai bayan ransa. Wannan labari yana da matsala, da bincike, da mafita, da baƙin ciki. Yaro zai riƙe shi, har ya tsaya gaban aji da buta da sabulu ya nuna.

Bayan wannan sai abu biyu. A samu bayani a kansa daidai ƙarfin karatun yaron, kuma daga wuri fiye da ɗaya. Sannan rayuwarsa ta zama wadda za a iya faɗa a gaban aji ba tare da malami ya yi ta gyaran murya ba.

Malami ne zai zaɓa ko ɗalibi?

Duka biyun. Malami ya shata iyaka, ɗalibi ya zaɓa a cikinta. Idan ajin mutum 30 ne, ka shirya suna 40 ko 45, don wanda zai zaɓa a ƙarshe kada ya ji an bar masa ragowa. A gaban kowane suna ka rubuta jimla ɗaya mai jan hankali maimakon sunan sana'a kawai. "Bessie Coleman, matuƙiyar jirgi" ba ya motsa kowa. "Matar da makarantun tuƙin jirgi na Amurka suka ƙi ɗauka saboda baƙa ce kuma mace, ta koyi Faransanci, ta tafi Faransa ta samo lasisinta a 1921" kuwa, sai ka ga ana rububinta.

Ka kuma bar ƙofa ga wanda ya zo da nasa sunan, da sharaɗin ya gamsar da kai a jimla uku. Sau da yawa waɗannan su suka fi yin aiki mai kyau, domin abin nasu ne.

Yara bakwai suna son mutum ɗaya. Yaya zan yi?

Ƙuri'a ta fi komai sauƙi, kuma ba ta barin zargin son kai. Amma kafin ƙuri'a ka tambaye su me suke so game da shi. Wanda ya ce gudu, ga Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun yada-ƙanin-wani na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokyo a 1964. Wanda ya ce jajircewa, ga Wilma Rudolph, wadda shan inna ya kama tana ƙarama har ta yi shekaru da ƙarfe a ƙafa, ta zo ta ci zinare uku a gasar ta 1960. Wanda ya ce ƙwallo dai ƙwallo, ga Pele da kofin duniya uku, 1958 da 1962 da 1970. Galibi yaro ba mutumin yake so ba, abin da mutumin ke wakilta yake so.

Waɗanne sana'o'i ya kamata su shiga, kuma su wa zan sa?

Babu adadin da aka yanke. Ni dai ba na barin sana'a ɗaya ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin biyar na sunayen.

Ɓangaren lafiya shi ya fi yalwa, har sai ka riƙe hannunka. Akwai Ibn Sina, haifaffen kusa da Bukhara, wanda littafinsa na likitanci ya yi ƙarnuka ana koyar da shi a jami'o'in Turai. Akwai Edward Jenner da rigakafin agana na 1796, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana an kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. Akwai Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta koma tsofaffin littattafan maganin gargajiya ta zaƙulo sinadarin da ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a yau, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Akwai Dakta Stella Adadevoh, wadda a 2014 ta hana mai ɗauke da cutar Ebola barin asibiti a Legas duk da matsin lamba, cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agustan shekarar. A jinya kowa Florence Nightingale yake kira, kuma ta cancanta, sai dai yara su san ba fitilar da take yawo da ita da dare ba ce babban aikinta. Ƙididdiga ce. Ta nuna wa hukumomin Ingila da alƙaluma da zane cewa a yaƙin Kirimiya cututtuka sun fi harsashi kashe sojoji. A yaƙin nan dai akwai Mary Seacole 'yar Jamaika, wadda ta kai kanta fagen da kuɗinta.

A lissafi da kimiyya, Al-Khwarizmi na Bagadaza yana da daɗin gabatarwa domin kalmar aljabra daga sunan littafinsa ta fito. Ibn al-Haytham ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba, kuma ɗalibi zai iya nuna wannan da kwali mai ƙaramin huji. Marie Curie ta ci Nobel sau biyu a fanni biyu, 1903 da 1911. Michael Faraday yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, a nan ya karanta abin da ake kawo masa ɗinki, kuma a 1831 ya gano yadda maganaɗisu ke samar da lantarki, ginshiƙin kowane janareta.

Noma ana yawan mantawa da shi, abin takaici. Norman Borlaug ya yi shekaru a gonakin gwaji na Meziko yana haɗa irin alkama gajere mai jure cuta, irin da ya ninka amfanin gona a Indiya da Pakistan, aka ba shi Nobel ta zaman lafiya a 1970. Yuan Longping ya yi makamancin haka da shinkafa a Sin. Wangari Maathai ta Kenya ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi Nobel ta zaman lafiya a 2004.

A gini akwai Mimar Sinan na Daular Usmaniyya da masallacin Sulaimaniyya na Istanbul, da Zaha Hadid haifaffiyar Bagadaza, mace ta farko da ta ci Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2004, da Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya fara da gina makarantar firamare da tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando, ya ci wannan lamba a 2022. A sararin sama, Yuri Gagarin da zagayensa na minti 108 a 1961, da Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa da ta zagaya duniya sau 48 a 1963. A koyarwa, Maria Montessori da makarantarta ta farko a 1907, da Nana Asma'u wadda ta tsara 'Yan Taru don kai ilimi ga mata a karkara. A jarida, Nellie Bly, wadda a 1887 ta yi kamar mahaukaciya aka kulle ta kwana goma a asibitin masu taɓin hankali na New York don ta fallasa yadda ake wulaƙanta marasa lafiya. A agaji, Henri Dunant, wanda abin da ya gani a fagen yaƙin Solferino a 1859 ya kai ga kafa ƙungiyar Red Cross, da Abdul Sattar Edhi da motocin ɗaukar marasa lafiya a Pakistan.

Ka lura da wani abu: Nelson Mandela zai iya shiga a matsayin lauya. Shi da Oliver Tambo sun buɗe ofishin lauyoyi a Johannesburg a 1952. Idan ka ba ɗalibi shi ta wannan kusurwa, za ka ji abin da ba ka saba ji ba.

Masu sana'ar hannu fa? Ba na ganin sunayensu a irin waɗannan jerin.

Wannan babban giɓi ne, kuma yaran da iyayensu ke irin waɗannan sana'o'i suna lura, ko ba su faɗa ba. Alhali ga su nan birjik idan aka duba. Wilbur da Orville Wright masu gyara da ƙera keke ne a Dayton ta jihar Ohio, kuma da sarƙa irin ta keke suka juya farfelar jirgin da ya tashi na daƙiƙa 12 ranar 17 ga Disamba, 1903. John Harrison kafinta ne da ya koya wa kansa ƙera agogo, kuma agogonsa ne ya ba matuƙan jiragen ruwa damar sanin inda suke a tsakiyar teku. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce da ta nuna fasaharta a Turai da Amurka.

Wanda na fi so a cikinsu Vivien Thomas ne. Kafinta ne baƙar fata a Amurka, ya so karatun likita, kuɗin da ya tara suka salwanta lokacin karyewar tattalin arziki na farkon shekarun 1930. Ya kama aikin mataimaki a ɗakin gwaji na likita Alfred Blalock. Shi ya yi ta gwada wata tiyatar zuciya a kan dabbobi har ta nuna, kuma ranar da aka fara yi wa jaririya ita a asibitin Johns Hopkins a 1944, yana tsaye a bayan Blalock yana faɗa masa inda zai sa allura. A lokacin, sunansa bai shiga sunan tiyatar ba. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa.

Lallai ne sai na daidaita maza da mata?

Ba sai ka auna da sikeli ba, amma ka ƙirga. Idan ka rubuta sunayen da suka fara zo maka a ka, za ka tarar kusan duka maza ne, kuma daga ƙasashe uku ko huɗu. Ba laifinka ba ne, haka littattafan da muka karanta suka zo. Gyaran ba wuya. Kuma kada ka ce mata su ɗauki mata, maza su ɗauki maza. Yaro namiji da ya yi mako biyu yana binciken Katherine Johnson, wadda ɗan sama jannati John Glenn ya nemi ta duba lissafin kwamfuta da hannunta kafin ya yarda ya tashi a 1962, ya koyi abin da wa'azi ba zai koya masa ba.

Haka batun nakasa. Louis Braille ya makance yana ƙarami sanadin rauni a shagon mahaifinsa, kuma yana da shekara 15, a 1824, ya tsara rubutun ɗigo shida da makafi ke karatu da shi har gobe. Shekarunsa kaɗai sun isa su sa 'yan sakandare su gyara zama.

Mai rai ya fi ko wanda ya rasu?

Wanda ya rasu an rufe littafinsa, an san farko an san ƙarshe. Mai rai kuwa ana kan rubutawa. Malamin da ya ba ɗalibi Lance Armstrong a 2005 gwarzo ya ba shi, mutumin da ya warke daga ciwon daji ya ci babban tseren keken Faransa sau bakwai a jere. A 2012 aka ƙwace nasarorin duka saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Wannan ba ya nufin a guji masu rai. Yara suna jin kusanci da su, akwai hirarrakinsu da muryarsu. Amma ka zaɓi wanda aikinsa ya riga ya tsaya da ƙafarsa, kamar Tim Berners-Lee da ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989, ba wanda tauraronsa ya fito bara ba.

Idan mutum ya yi babban aiki amma yana da mummunan tabo fa?

Ya danganta da shekarun yaran. Ga 'yan firamare, ka bar shi. Ga manyan 'yan sakandare, irin waɗannan su ne suka fi koyarwa, muddin za a faɗi duka ɓangarorin.

Fritz Haber shi ne misalin da ba ya tsufa. Bajamushe ne masanin sinadarai da ya gano yadda za a ciro sinadarin naitirojin daga iska a mayar da shi amoniya, tushen takin zamani da ke ciyar da biliyoyin mutane. Shi ne kuma ya jagoranci amfani da iskar guba ta kulorin a kan sojoji a Ypres a 1915. An ba shi Nobel ta 1918. Wernher von Braun ya ƙera wa Jamus ta Hitler rokokin da fursunoni suka haɗa cikin aikin tilas, dubbai suka mutu, daga baya ya jagoranci ƙera rokar da ta kai Amurkawa duniyar wata. Ɗalibin da ya gabatar da ɗayan waɗannan ya ɓoye rabin labarin, bai yi aikin ba. Wanda ya faɗi duka, ya bar ajin da muhawara, shi ya cancanci maki.

Abin da ba na yarda da shi shi ne wanda shahararsa gaba ɗaya ta ta'asa ce. Aikin na sana'o'i ne, kisa ba ya cikinsu.

'Yan siyasa da manyan addini?

'Yan siyasar da ke kan mulki ko ke takara, a bar su. Rigimar iyaye za ta biyo yara cikin aji. Annabawa da waɗanda mabiya ke tsarkakewa kuwa suna da darasinsu na addini, inda ake ambatonsu da ladabin da ya dace. Ba a jera su da injiniyoyi da 'yan wasa a ba su maki, ballantana a ce yaro ya kwaikwaye su.

Shekarun ɗalibi suna canza zaɓi?

Sosai. Ƙananan yara abin da ido ke gani suke kamawa: jirgi, gada, dabba, bel ɗin mota. Jane Goodall da nazarin birai da ta fara a dajin Gombe na Tanzaniya a 1960, ko Nils Bohlin na kamfanin Volvo da bel mai maɗauri uku na 1959, sun dace da su. 'Yan tsakiya suna son labarin cikas da tsallakewa. Manya za su iya ɗaukar tambayar da ba ta da amsa ɗaya, irin ta Rosalind Franklin: hoton da aka ɗauka a ɗakin gwajinta a 1952 ya taimaka wajen gano siffar ƙwayar halitta ta DNA, ta rasu a 1958, aka ba maza uku Nobel a 1962, kuma ba a ba mamaci wannan lamba. An zalunce ta ko ƙa'ida ce ta yi aikinta? Bar su su kai ruwa rana.

Yara suna kawo labaran da nake shakka. Ta yaya za mu tace?

Shahararren mutum kamar bishiyar bakin hanya ne, kowa ya zo wucewa sai ya rataya mata wani abu. Za ka ji an ce Einstein ya faɗi lissafi a makaranta. Bai faɗi ba. Yana da shekara 16 ya zauna jarrabawar shiga kwalejin fasaha ta Zurich, ya yi fice a lissafi da fiziks, wasu darussan ne suka kayar da shi. Za ka ji tuffa ta faɗo wa Isaac Newton a ka. Abin da ya ba da labari da tsufansa shi ne ya ga ta faɗo, batun kai ƙari ne. Za ka ji Thomas Edison shi kaɗai ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, alhali Joseph Swan na Ingila yana kan aikin a lokaci guda, har suka haɗa kamfani a 1883, kuma Lewis Latimer ya inganta yadda ake yin zaren da ke ci a ciki.

Wani lokacin ba ƙarya ba ce, tazara ce. Labarin cewa Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙairawiyyin a Fas a shekara ta 859 ya zo mana ne ta hannun wani marubucin tarihi na ƙarni na 14, wato bayan ɗaruruwan shekaru. Ɗalibi zai iya gabatar da ita, amma ya koyi cewa "an ruwaito" daban, "an tabbatar" daban.

Dokata mai sauƙi ce: duk shekara, da adadi, da maganar da aka jingina wa mutum, sai an same su a wuri biyu da ba kwafar juna suka yi ba. Maganganun hikima da ake liƙa wa hotunan mashahurai a Facebook su suka fi zama jabu. In ba a san inda ya faɗa da lokacin da ya faɗa ba, a cire.

Za su kwafo daga Wikipedia ko su sa manhaja ta rubuta musu. Akwai magani?

Hanawa ba ta aiki. Canza tambayar ke aiki. "Rubuta tarihin wance" kwamfuta za ta gama shi kafin ka rufe baki. Amma ka ce ya faɗi yadda ranar aiki ɗaya take a wannan sana'a, ya kawo ko ya zana kayan aiki guda uku ya bayyana amfaninsu, ya nuna wani kuskure da mutumin ya yi, sannan ya amsa tambaya biyu daga 'yan aji ba takarda a hannu. Nan take mai haddar abin da bai fahimta ba zai bayyana. Wikipedia kuwa wurin farawa ce mai kyau, a koya musu gangarawa ƙasan shafi su ga daga ina bayanin ya fito. Manhajojin da ke rubutu suna iya ƙirƙiro shekara ko magana su faɗe ta da cikakken ƙarfin hali, don haka dokar wuri biyu ta hau kansu su ma.

Ba mu koya wa yara cewa mutum ɗaya ke yin komai ba kuwa?

Haɗarin yana nan, kuma tambaya ɗaya ke rage shi: "Su wa suka taimake shi?" Ka sa ta zama dole a kowane aiki. Alexander Fleming ya lura da penisilin a 1928, amma Howard Florey da Ernst Chain da tawagarsu a Oxford ne suka mayar da shi maganin da za a iya yi wa mutum allura, shi ya sa su ukun suka raba Nobel a 1945. Edmund Hillary bai hau ƙololuwar Everest shi kaɗai ba a 1953, da Tenzing Norgay suka hau, ga ɗaruruwan 'yan dako a ƙasa. Helen Keller, marubuciyar da ta makance ta kuma kurumce tana ƙarama, ba a faɗin labarinta ba tare da malamarta Anne Sullivan ba. Idan yara biyu suna son aiki tare, irin waɗannan tagwayen sunaye ka ba su.

Yara su yi shigar mutumin ranar gabatarwa?

Yana ƙayatarwa, amma kada ya zama dole, don ba kowane gida ke da halin ɗinka kaya saboda rana ɗaya ba. Abu ɗaya a hannu ya wadatar: guduma, ma'aunin zafi, reshen itace, jirgin takarda. Kuma kada a shafa wa yaro wani abu don canza launin fatarsa, kada a kwaikwayi nakasar wani.

Ɗalibi ya yi nisa sai ya ce bai sami bayani ba, ko ya gaji da mutumin. In bar shi ya canza?

A kwana biyu ko ukun farko, e. Shi ya sa yake da kyau ka sa su kawo maka wuraren da suka samo bayani tun kafin su rubuta komai. Wanda ya dawo hannu rabbana a wannan mataki, ka ba shi wani daga ragowar sunayen nan da ka ajiye. Bayan mako guda kuwa, ka zauna da shi ku nemo wata kusurwa a kan mutumin dai. Wanda ya gaji da Marie Curie ta ɗakin gwaji, ka nuna masa Marie Curie da ta koyi tuƙi ta riƙa kai motocin ɗaukar hoton ƙashi bakin daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yarta Irene tana taya ta.

Wajen ba da maki, me zan fi dubawa?

Kaso mafi tsoka ya tafi ga fahimtar aikin mutumin da amsa tambayoyin aji. Sai ingancin bayani da nuna inda aka samo shi. Kyawun kwali da ado su zo ƙarshe da ɗan kaso kaɗan, domin galibi hannun iyaye ko na yayye ne a ciki. Ka ba su wannan rabon a rubuce tun ranar da suka zaɓi suna, kuma ka tanadi minti biyar ga kowane ɗalibi, uku na magana, biyu na tambayoyi. Aji mai mutum 30 zai ci darasi huɗu ko biyar, don haka ka rarraba su a mako biyu, ka cuɗanya sana'o'in ta yadda likitoci ba za su taru a rana ɗaya ba.